Ƙugiya Biyu a Baki Ɗaya

Kifin da Mai Agogo ya kama ranar Asabar da safe, ƙugiya biyu ce a bakinsa. Ɗaya tasa ce. Ɗayar sabuwa ce fil, ko tsatsa ba ta fara ba, kuma ƙullin da ke jikinta mutum ɗaya tak ya sani mai yin irinsa: ƙanensa, Bahago, wanda rabon da a ji ɗuriyarsa shekara tara ke nan.

Wajen ƙarfe bakwai da rabi abin ya faru, a ƙasan tsohuwar gadar jirgi, inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa kafin ya faɗa wani gurbi mai zurfi a gindin dutse. Nan mai-gemu ke kwanciya, kifin nan mai ɓawo ruwan zinariya da 'yan gashi huɗu a leɓe, wanda ba ya cin komai sai abin da ya tarar a ƙasan ruwa. Wannan ce fitar Mai Agogo ta farko da sandar fatsa tun ranar da suka ɓata da ƙanen nasa.

A kan dutsen nan suka ɓata. Wani ƙaton mai-gemu ne ya haɗiyi ƙugiyar ɗayansu, ya yi ta kewaye har zarensu ya sarƙe da juna. Kowa ya ce nasa ne. Mai Agogo, da yake shi ne babba, ya zaro 'yar wuƙarsa mai naɗewa ya datse zaren ƙanen. Da ya jawo nasa, sai ga ƙugiya wayam, tanar da ya sa ma tana nan. Ashe kifin na Bahago ne. Bahago ya jawo guntun zarensa. Ya naɗe kayansa ya hau tudu, bayan mako biyu aka ce ya bar garin. Mutane suka ce ai ba a rabuwa a kan kifi, akwai dai abin da ya daɗe yana cin ƙanen. Mai Agogo bai musa ba, bai kuma nemi kowa ba. Ya jingine sandarsa a bayan kabad, ya koma kan agogunansa.

Yanzu ga shi tsugune da kifi a hannu. Ya zare ƙugiyoyin biyu, ya riƙe kifin a cikin ruwa har ya farfaɗo ya sulale. Baƙuwar ƙugiyar ya sa ta a kwalin ashana. Sai a lokacin ya dubi wurin da idon basira. Akwai ƙwayoyin dafaffiyar masara a tsakanin tsakuwa, irin wadda ake watsawa kwana da kwanaki don kifi ya saba da wuri. Akwai kuma gwafa biyu na ɗora sanda, an kafa su a gaɓa, sarar ɗanya ce. Ɗaya a dama da dutsen, inda shi yake zama a da. Ɗaya a hagu, tsohon wurin zaman Bahago.

Da ya koma gari bai wuce gida ba, shago ya buɗe. Ya kunna fitilar tebur, ya ture wani agogon bango da ke jiran gyara, ya maƙala gilashin aikinsa a ido. Naɗi tara ne a wuyan ƙugiyar, duk sun bi hagu. An ƙona bakin zaren da ashana har ya dunƙule kamar kan allura. Mahaifinsu naɗi bakwai ya koya musu. Bahago ne ya ƙara biyu, don kawai kada a ce ya yi yadda wansa ke yi. Mai Agogo ya ƙirga sau uku. Ƙugiya ba ta shekara tara a bakin kifi tana ƙyalli. Wannan ko wata guda ba ta yi ba.

Daga nan ya fara lissafa abubuwan da ya gani bai kula ba. Likitan da ya duba shi kwanan baya dai cewa ya yi ya rage zama, ya huta da ido, bai ambaci kogi ba. Maiɗakinsa ce ta fito da sandar daga bayan kabad, ita da ko ƙarnin kifi ba ta so a gidanta. Sandar ba ƙura a jikinta. Zaren da ke cikin gwangwanin kayan fatsa bai tsinke ba da ya ja shi, alhali zaren da ya shekara tara a ajiye ya kamata ya ruɓe. Ita ce kuma ta ce ya je Asabar, da ya ce Lahadi ta ce a'a, Asabar ta fi. Ruwa ba ya tsami banza.

Da rana ya tambaye ta wa ya taɓa masa gwangwani. Tana guga ne, ba ta ɗago ba. Ta ce gwangwanin da ya yi shekara tara a gidanta ai dole wani ya taɓa shi, ko da tsintsiya ce. Ya ce zaren sabo ne. Ta ce ita ba ta san tsohon zare da sabo ba, sai na ɗinki.

"To me ya sa sai Asabar?"

"Malam, Asabar ce kaɗai nake samu in share ɗakin nan ba ka zaune kana ƙirga min tsintsiya."

Amsar ta zauna daidai. Abin da bai yi masa ba ke nan, ta zauna daidai da yawa, kamar an gwada ta tun kafin ya shigo.

Litinin ya je wurin mai sayar da kayan fatsa a layin bayan tashar mota, mutumin da ya san su tun suna samari. Mutumin ya yi masa maraba da hayaniya, ya ce ya ɗauka kifayen kogin sun kai shi ƙara an hana shi zuwa. Mai Agogo ya buɗe kwalin ashana ya ajiye a kan kanta, ya tambaya wa ke sayen irin wannan. Mutumin ya ce rabin masu fatsan garin. Ya tambaya ko a cikinsu akwai mai karɓar kaya da hannun hagu.

"Haba Mai Agogo, ni ƙugiya nake sayarwa, ba hannu nake dubawa ba."

Ya faɗa yana dariya, amma ko sau ɗaya bai kalli ƙullin ba. Duk mai wannan sana'a da aka ajiye wa ƙulli a gabansa sai ya ɗauka ya juya shi, ko don ya kushe. Wannan kuwa ya koma jera dalmar nutsar da ƙugiya a cikin kwalba, dalmar da take a jere tun farko.

Laraba Auta ta zo shago, 'yarsa ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya. Ba ta saba zuwa ba. Ta zauna a kujerar masu jira da rigar aiki a jikinta, ta ce ta ji yana ta zargin mutane, to ya daina, ita ce. Ita ta sayi zaren, ita ta goge sandar, ita take zuwa kogin in ta sauka daga aiki. Ƙullin kuma tun tana ƙarama ta koya a wurin Baffa, lokacin da take riƙe musu gwangwanin tana.

Mai Agogo bai ce ƙarya take yi ba. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da ƙugiya da guntun zare, ya miƙa mata.

Ta ƙulla. Ƙullin ya fita tsaf, ɗinkin rauni ya koya mata haka. Ta miƙo masa, ya sa gilashi. Naɗi tara ne cif, amma sun bi dama. Bakin zaren kuwa da almakashin tebur ta datse shi, ga ashana a gabanta ba ta ko duba ba.

"Wa ya gaya miki tara ne?"

"Na ce maka Baffa."

"Yaushe?"

Ta dubi agogunan bango, kowanne da nasa lokacin. Ta ce ta makara. A bakin ƙofa ta tsaya, ta tambaye shi, in da a ce mutum ya dawo, ba wai ta ce wani ya dawo ba, shin zai tarar da wansa ne ko zai tarar da mai wuƙa. Ba ta jira amsa ba.

Ya mayar da ƙullin nata cikin aljihun tebur. Ya gane gida guda ne suka haɗe masa kai, har da na bayan tasha. Abin da bai gane ba shi ne, ko an tura shi kogin ne don a haɗa su, ko kuwa ƙanen ne ya sa a tura shi don ya kalle shi daga nesa tukuna. Ranar Asabar ɗin bai waiwaya ya dubi kan gada ba. Yanzu abin yana damunsa.

Alhamis da safe ya koma, ba sanda. An sake watsa masara. Bai ga kowa ba, sai wata mata mai wanki can nesa a ɗaya gaɓar. Ya ajiye kwalin ashana da ƙugiyar a ciki a kan dutsen, ɓangaren hagu. Ya fito da 'yar wuƙar nan, wadda har yau da ita yake fere fensir a shago, ya buɗe ta, ya kwantar da ita kusa da kwalin, ƙotar tana kallon gwafar hagu. Ya danne su da tsakuwa ya tafi. Bai gaya wa kowa ba.

Juma'a da ƙarfe bakwai ya dawo. Kwalin yana nan, babu ƙugiya a ciki. Wuƙar ma tana nan inda ya bar ta, sai dai an naɗe ta. Gwafar dama tana tsaye, ta hagu an cire, ba da daɗewa ba kuwa, don ramin bai ko cika da ruwa ba.

Har zuwa yammacin ranar, babu wanda ya ce masa komai a gidan. Maiɗakinsa dai ta tambaya ko gobe Asabar zai je kogi.