Motar da Ta Ƙi Goggo Asama'u

Arzika mai riwaya, wato mai gyaran wutar mota, mutum ne da tambaya ba ta ƙare masa. Duk garejin Bagudo an san shi. Ka kawo masa mota ka ce fitila ta mutu, sai ya tambaye ka inda ka je jiya da abin da ka ɗauko, har ka fara tunanin ko ofishin 'yan sanda ka shigo. Masu gaggawa ba sa zuwa wurinsa. Waɗanda mota ta gagara su ne ke zuwa, kuma Sambo yana cikinsu.

Motar Sambo tsohuwar Fijo ce a-kori-kura, irin wadda aka daina ƙerawa tun kafin a haife shi. Mahaifinsa, marigayi Hamma, shi ya sayo ta a ƙetare ya shigo da ita ta Illo, ya yi shekara da shekaru yana kai matan rugarsu kasuwa da ƙoren nono. Bara ya rasu, motar ta koma hannun ɗan.

"To, mi yas same ta?" in ji Arzika.

Sambo ya sunkuyar da kai kamar wanda zai faɗi abin kunya. "Lahiyarta lau. In ni kaɗai na, ko da kaya, har Kamba nika zuwa in dawo. Amma in Inna ta shiga, ba mu nisa sai ta mutu. In tas sauka nim murɗa makulli, sai ta tashi."

Arzika ya ajiye filayar da ke hannunsa. Ya taɓa ganin motar da ba ta son ruwa, ya ga wadda ba ta son hawa, amma motar da ba ta son mutum ɗaya tak bai taɓa cin karo da ita ba. Wani daɗi ya kama shi, sai dai da ya dubi fuskar Sambo ya haɗiye murmushinsa.

Sambo ya ba shi sauran labarin. Innarsa, wadda kowa ke kira Goggo Asama'u, sun yi sa-in-sa da Hamma a kan sayar da wata saniya, washegari ciwo ya kwantar da shi, bai ƙara magana ba har ya cika. Ba ta sami neman gafararsa ba. Yanzu ga motarsa tana mutuwa duk lokacin da ta zauna a ciki, tana tashi da ta sauka, a gaban matan ruga kaf. Goggo ta gama yanke hukunci a ranta cewa mijinta ya tafi da fushinta. Ta daina zuwa kasuwa, abinci ma sai an yi da gaske take taɓawa.

Mota dai ƙarfe ce, ba ta riƙo. Arzika ya san haka, Sambo ma ya sani, amma ba da baki ake fahimtar da tsohuwar da aka sauke a bakin hanya sau da yawa ba.

Ya buɗe bonet ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Batir da ƙarfinsa, filogi fes, kwantak bai ci ba. A gidan fiyus ya tarar da abin da ya saba tararwa a motocin ƙauye: fiyus ya daɗe da ƙonewa, an maye gurbinsa da waya mai kauri wadda ko wuta ta haɗu ba za ta tsinke ba. Ya kuma lura an sa wa motar famfon mai na lantarki can baya kusa da tanki, wayarsa ta bi ta ƙarƙashi. Ya ja ta, ya girgiza ta, injin bai ko yi tari ba.

"Mu hau hanya in ji ta da kunnena," in ji shi.

Ya zagaya ya kama ƙofar gaba zai buɗe, sai Sambo ya riƙe masa hannu.

"Yi haƙuri, Malam Arzika. Nan wurin Inna na. Ba a zama."

"Ko kai?"

"Ko ni. Ko matata baya taka hawa. Tun muna yara ba wanda yat taɓa zama nan in ba ita ba."

"To makanikan da kak kai ma ita kahin ni, ina sunka zamna?"

"Baya. Wani ya maƙale a bakin ƙofata."

Arzika ya saki ƙofar, ya tsaya yana kallon kujerar ta gilashi. Ashe duk gwajin da aka yi wa motar nan, ba a taɓa yin sa da nauyi a wannan gefen ba. Kunya ce ta hana, kuma bai ga laifin kowa ba, don shi ma da uwarsa ce ba zai zauna ba. Ya waiga ya hango buhunan shinkafa a shagon da ke kallon garejin.

"Buhu hwa? Shi ma ba ya zama?"

Sambo ya auna maganar. Can ya ce buhu ba mutum ba ne.

Suka aro buhu ɗaya suka zaunar da shi a wurin Goggo, Arzika ya haye baya ya kwanta rub da ciki yana saurare. Suka ɗauki hanyar Illo. Da farko motar tana tafiya sumul. Da injin ya yi zafi suka shiga gargada, sai ƙarar famfon mai da yake ji a ƙarƙashin cikinsa ta ɗauke. Motar ta yi shaƙuwa, ta yi shaƙuwa, ta mutu.

Arzika ya diro yana dariya kamar an yi masa bushara. "Ka gani? Shinkafa ma ta ƙi ta! Kak ka sauke buhun, bar shi nan."

Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Abin da ya fara tarbarsa wari ne, ba na mai ba, ba na hayaƙi ba, wani tsami-tsami da ya sani amma bai taɓa jin sa a ƙarƙashin mota ba. Ya kai yatsa ya dangwali tsatsar da ke daidai ƙasan kujerar, ya shinshina. Nono ne. Shekarun da Goggo ta yi tana rungume da ƙwarya a wannan kujera, duk gargadar da aka shiga sai ɗan kaɗan ya fantsala ya bi ƙarƙashin shimfiɗar roba, har ya cinye ƙarfen ya mai da shi kamar ganye. Da an ɗora nauyi sai ƙasan motar ya lotsa ya danne wayar famfo a jikin salansa, wato bututun hayaƙi. Zafi ya riga ya narkar da robar wayar, wuta sai ta bi salansa ta gudu, famfo ya tsaya. A sauke nauyin, ƙarfe ya ɗaga, mota ta tashi.

Ya gano ciwon ke nan, kuma wani makanikin da nan zai tsaya. Amma Arzika akwai abin da ya tsaya masa a rai. Wannan tsatsa ba ta bara ba ce, ta tsufa. Me ya hana motar mutuwa a zamanin Hamma?

Ya ƙara haska fitilar wayarsa. Salansar sabuwa ce, an ɗaga ta an manne ta da jikin mota. A gefe kuma ga guntayen wayoyi a murɗe, tsofaffi da sababbi, an datse su. A kan shasi ga wani wuri ya yi sulɓi, alamar wani abu ya daɗe yana zaune a wurin.

"Wa yas sa wagga salansa?"

"Ni. Bayan rasuwar Baba. Tsohuwar tana reto, ya ɗaure ta da wayoyi kamar akuya, har da wani guntun icce ya cusa. Mai walda ya yi ta dariya."

"Ina iccen?"

Sambo ya leƙa bayan motar ya ɗauko. Da shi yake yi wa taya waigi. Arzika ya juya shi a hannu. An sassaƙe shi da kyau, gefe ɗaya ya yi baƙi da zafi. Ya koma ƙarƙashi, suka sauke buhun, ya zura itacen tsakanin shasi da ƙasan kujera, ya shige cif kamar a can aka haife shi. Suka mai da buhun, ƙarfen bai lotsa ba.

Sai Sambo ya tuna wani abu. Ya ce duk ranar kasuwa Baba yakan ɗauki buzu ya shiga ƙarƙashin motar kafin Inna ta fito. In an tambaye shi sai ya ce gaisawa suke yi da ita.

Arzika ya naɗe wayar ya kauce da ita daga salansa, ya sa fiyus na gaske, suka mayar wa mai shago buhunsa, suka nufi ruga. A hanya yana ta tunanin yadda zai yi bayani ba tare da ya ambaci nono ba. Abin da mamaci ya ɓoye shekara da shekaru, ba ya son ya zama shi ne zai tona.

Suka sami Goggo Asama'u a inuwar bukka, ta rame, idanunta sun faɗa. Arzika ya zaro itacen daga ƙarƙashin motar, ya je ya durƙusa ya gaishe ta.

"Goggo, motag ga ba ke taka ƙi ba. Mun aza mata buhun shinkafa, shi ma ta mutu. Ƙasan kujera na yal lotsa, shina danne waya. Marigayi ya sani. Wanga icce shi yas sassaƙa, shina tokare wurin duk ranar da za ki hita."

Ta karɓi itacen ta shafa sassaƙar da babban yatsa. Ta san hannun. Sai ta kai shi hanci, kuma wadda ta tashi cikin nono ba a yi mata bayanin warinsa.

"Kullum in mun iso kasuwa," ta ce a hankali, "sai ya ce ma mata su dube ni, wai ko ɗigo ban taɓa zubarwa ba. Ni ko ina ta yi musu yanga." Ta yi dariya, hawaye na bin kuncinta. "Ashe ƙarya yaka yi min, yana kwance cikin ƙasa yana tokare ni."

Arzika ya kau da kai. Don ya sami abin faɗa, ya ce gobe za a yi walda a sa sabon ƙarfe, ba sai an ƙara bukatar itace ba.

"Ku sa ƙarfenku," in ji Goggo. "Amma iccen ku mai da shi inda yab bar shi."

Ta miƙa masa, ya shige ƙarƙashin motar da shi, ita kuma ta shiga bukka ta fito da mayafinta da ƙwarya, ta tsaya a bakin ƙofar gaba tana jiran ya fito daga ƙarƙashi.