Kwalba ta Uku

"Ta lanƙwashe," na ce, na ɗaga kwalbar don Orville ya gani. Wuyanta ya sunkuya kamar na kaza mai mura. "Zafin bana ya yi yawa. Uku muka zuba, biyu suka rage."

"To a fasa biyu."

"Mutum uku ƙuri'a ta faɗa wa, tsohon banza."

"Na ukun ya yi haƙuri. Miƙo min kwat ɗina, Bernadine, kin cika surutu."

Shekara talatin da ɗaya ke nan muna wannan aiki a kicin ɗina, ni da maƙwabcina Orville Pruitt. Mu dafa sukari ya narke, mu sa masa launin ƙasa, mu zuba a mazubi. In ya huce, wallahi ko mai giya ba zai bambanta shi da kwalba ba.

Asalin abin, shekarar da aka rufe masana'antar taya ta unguwarmu a Toledo, wasu samari huɗu masu kiɗan rok, Karnukan Tsatsa, suka yi waƙa mai suna "Ranar Sallama". Suna neman wanda zai fito a manaja a bidiyonta, sai ga Orville, shi ma a makon aka sallame shi, amma yana da kwat da fuskar da ba ta dariya. A bidiyon yana datse ƙofar masana'anta da kwaɗo, ya ba da baya. Ganguna na tsayawa, mawaƙin ya tarwatsa masa kwalba a ƙeya. Waƙa ta karaɗe ƙasa. Samarin sun watse, biyu ma sun mutu, amma kowace Agusta mutane na cika titinmu, a yi ƙuri'a, mutum uku su fasa wa manaja kwalba.

Bakin Orville ne ya ja masa. Wani ɗan jarida ya taɓa tambayarsa ko kwalbar ta gaske ce, ya ce, "Ta gaske mana! Kan ɗan Toledo ne wannan." Tun daga nan ya zama wani abu a gari, shi da ba mata, ba ɗa, ba aiki. Ya sa na rantse da kabarin mijina ba zan faɗa wa kowa cewa ta sukari ce ba.

Da ƙarfe uku na rana muka isa ƙofar tsohuwar masana'antar. An ɗora lasifika a bayan mota, ƙasa har rawa take. Orville ya riƙe kwaɗo, ya ba da baya. Wata mata daga Kentucky ta fasa ta farko, ya zube kamar yadda ya saba, ya tashi yana kakkaɓe kafaɗa, aka yi ta ihu. Wani mai tumbi ya fasa ta biyu.

Na ukun ya matso. Denny Haskell sunansa, ƙato, daga Indiana ya tuƙo, idonsa jajur.

"Sun ƙare, ɗana," na ce masa. "Sai baɗi."

"Baɗi? Mama, watan jiya aka sallame ni, bayan shekara ashirin. Ba komai, ga tawa." Ya ɗaga kwalbar giyar da ke hannunsa, mai kaurin gindi.

Ina da lokacin magana. Wannan ba zan ɓoye ba. Na buɗe baki, na dubi bayan Orville, na tuna kabarin mijina, na yi shiru daidai numfashi ɗaya. Da na ce "Tsaya!" kiɗa ya haɗiye muryata, Denny ya riga ya wuce ni. Orville kuwa ba ya waiwaye, don a bidiyon manaja bai waiwaya ba.

Ganguna suka tsaya. Ƙarar da na ji ba irin wadda na sani ba ce, kamar an buga taɓarya a kan kabewa. Kwalbar ba ta fashe ba. Orville ya durƙusa, hannunsa na kan kwaɗo. Denny ya dubi kwalbar da mamaki, ai a bidiyo tarwatsewa take, sai ya ƙara. A karo na biyu ta fashe, ta tsaga fatar kan har bayan kunne.

Mutane suna tafi, suna "Ka sha, manaja!" Sai da jini ya fito ta kunnensa da hancinsa, ƙafarsa na shure-shure, tafin ya mutu.

Daga nan suka afka wa Denny. Wani ya kwaɗa masa kujerar ƙarfe a baki, haƙora suka zubo. Suka kayar da shi suna tattakawa, har matar nan ta Kentucky tana sa ƙafa. Yana kare kai yana kuka, "Shi ya ce ta gaske ce! Tun ina yaro nake kallo da babana! Shi ya ce!"

Na kutsa, na faɗa a kansa, wani takalmi ya same ni a haƙarƙari. "Sukari ne!" na yi ta ihu. "Duk sukari ne, ni nake dafawa! Bai sani ba, ku bar shi, 'yan iska!" Wani ya ɗauki ɓarin kwalbar farko daga ƙasa ya lasa. Sai suka ja da baya, kowa na kallon ƙasa.

Kwana biyu Orville ya yi a asibiti, kai a naɗe, ido ɗaya a kumbure. Ya farfaɗo sau ɗaya, da hantsi.

"Bernadine."

"Ga ni, tsohon banza."

"Wace shegiyar kwalba kika dafa haka?"

"Sukarin ne ya yi tauri."

Ya ja numfashi da ƙyar. "Ba ki faɗa musu ba dai ko?"

"Ban faɗa ba."

"Yawwa," ya ce. Kafin azahar ya cika.

Na tsani kaina, har yau ban daina ba. Da na yi magana numfashi ɗaya kafin nan, da yana nan yana zagina.

Da na koma gida na tarar da tukunya a kan murhu, ban wanke ba. Kwalba ta uku tana kan tebur inda na ajiye ta, ta ƙara kwantawa, tururuwa sun yi layi daga taga suna shiga ta bakinta. Na ja kujera na zauna, ban kore su ba.