Gadar da Ta Haɗiye Motar Malam

Ku masu wasan babbar motar nan na waya, ku kuka kwantar mini da miji. Ciwo ya kayar da shi, na tashe shi da ƙyar, kuka zo kuka mayar da shi gado. Ban san sunayenku ba, ban san kamanninku ba, amma na ga aikinku, kuma aikin banza ne.

Ni ban yi boko ba. Mai gyaran waya na bakin titinmu ne yake rubuta wannan, ina zaune a kan bencinsa, kuma na gargaɗe shi ya rubuta yadda na faɗa, kada ya tausasa mini ko kalma.

Mijina direban babbar mota ne. Ya tsufa a kan sitiyari bai taɓa buge ko akuya ba. Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Na dama ya tsira, sai dai yatsun suna rawa. Likitar da ke zuwa motsa masa gaɓoɓi ita ta sa masa wasanku a waya, ta ce zai farfaɗo da yatsun. Tsaki ya ja.

"Ni za a ba motar yara?"

"To Malam, ta manyan ai ta fi ƙarfinka yanzu. Karɓi."

Ya harare ni, ya karɓa. Ba a daɗe ba ya zama kullum sai na tokare masa wayar da filo a kan cinya, ya ɗauko kaya daga wannan gari ya kai wancan. Yana ba da sigina. Yana tsayawa a danja, alhali babu ɗan sandan da zai kama shi a cikin waya. In na kawo abinci sai ya ce, "Dakata, karen mota, in gyara fakin." Ni ce karen motar, da furfurata. Na ƙyale shi, don mutumin ya yi watanni bai yi dariya ba. Hannun ya fara riƙe cokali. Har maɓallin riga ya koma sa wa kansa.

Sai kuka turo abin da kuka kira gyara. Wa ya ce muku wani abu ya lalace? Akwai wata doguwar gada a hanyar da yake bi. Tun daga ranar, da motar ta kai tsakiyar gadar sai ta nutse cikin kwalta kamar an buɗe mata rami, ta yi ta faɗawa cikin duhu, sannan a nuno ta a kife da wani jan rubutu. Ya sake, ta nutse. Ya rage gudu, ya bi gefen dama, ya bi na hagu, ya lallaɓa da giya ɗaya. Ta nutse.

Ya ture wayar, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Shi ma ya tafi," ya ce.

"Wa ya tafi?"

"Na daman. Haka na hagun ya fara. Ina ce masa bi nan, yana bin can."

Na ce wasan ne ya lalace. Ya ce mota ba ta kifewa da kanta, duk direban da ya ɗora wa hanya laifi maƙaryaci ne, haka ya koya wa duk wanda ya koyi tuƙi a hannunsa. Daga nan ya daina matsa ƙwallon robar da likita ta ba shi. Cokali ya dawo hannuna.

Na ɗauko wayar na kawo rumfar nan. Mai gyara, ƙato lafiyayye da yatsunsa cif, ya tuƙa. Ta nutse. Ya miƙa wa maƙwabcinsa mai sayar da caja, ta nutse.

"Mama, ba hannu ba ne," in ji mai gyara. "Kowa haka take yi masa. Ga mutane nan birjik a intanet suna ta zagi."

Na ja shi har ɗaki ya maimaita a gaban Malam. Malam ya saurare shi tsaf.

"Ita ta kitsa maka, ko? Na gode, ɗana. In gada ta karye, masu ita alama suke kafawa. Ina alamar?"

Ya juya fuska bango.

To, na ce ni zan samo masa alamar. Wasanku yakan fito da taurari biyar a jere, da wani akwati a ƙasa. Na gane wurin kai ƙara ne, na kuma ɗauka yawan taurari yawan fushi ne. Duk sanda suka fito sai in danna biyar ɗin da ƙarfi, da goma ne ma da na danne su, sannan in taɓa makirufo in zazzage muku abin da ke cikina. Amsa takan zo da wata rawayar fuska mai washe baki. Na zaci haƙuri ake ba ni. Da na ga kullum tsawon rubutun ɗaya ne, na kawo wa mai gyara ya karanta. Dariya ya yi har sukudireba ta faɗi daga hannunsa.

"Mama, ai yabonsu kike ta yi! Biyar na wanda ya ji daɗi ne. Abin da wayar ta rubuta daga maganarki kuwa ko aljani ba zai karanta ba. Sun ce sun gode da ƙaunarki, ki ci gaba da jin daɗin tuƙi."

Jin daɗin tuƙi. Mijina yana kwance yana jiran hannunsa ya mutu, ku kuna gode mini. Ashe babu ko mutum ɗaya a gidan naku da ya tsaya ya ce, wannan baiwar Allah da ke zuwa kullum, me take faɗa?

Mai gyara ya daina dariya da ya ga fuskata. Ya rubuta muku ƙara da hannunsa, tauraro ɗaya, ya bayyana gadar dalla-dalla. Amsar ta zo nan take, kafin ma a ce mutum ya karanta: wai kuna dubawa. Fuskar ce kawai kuka canja, wannan karon ta turo baki. Bayan nan kun sake turo gyara. Na ruga na kai wa Malam. Sabon fenti ne na motoci, da hon mai kiɗa. Ya daure ya hau gadar da jar motarku mai sheƙi, ina tsaye a kansa ina addu'a. Ta nutse tana kiɗa.

Jiya likita ta zo, ya ce mata ta huta da wahala, ta je wurin masu sauran amfani. Ta ce mini in ya ci gaba da ƙin motsa hannun, zai sandare da gaske.

Don haka ku saurara. Fentinku ba na so. Taurarina ku cire su, ba da yardata kuka samu ba. Gadar ma in kun ga dama ku bar ta a karye har abada. Abu ɗaya nake nema: mutum, mai suna da fuska, wanda ya taɓa gadar nan da hannunsa, ya fito ya ce, "Direba, gadarmu ce ta karye, ba hannunka ba." Ni ya ƙi yarda da ni, ya ƙi yarda da mai gyara, ku yake jira. Wane ne a cikinku ya karya ta ya yi shiru? Ya fito ya amsa, tun hannun yana motsi.