Yatsan Gwaggo Zulai

Duk Bebeji babu mai alfahari da babban yatsansa kamar Gwaggo Zulai. Tun da aka bai wa matan Arewa damar jefa ƙuri'a, 'yan shekaru bayan ruwan Tiga ya cinye ƙauyensu, ba a taɓa yin zaɓe ba ta dangwala ba. Ko na kansila ne, da ita za a yi.

Jikarta Ilham ce ta ƙara kunna ta. Yarinyar ta karanto a kwaleji cewa matan New Zealand ne suka fara samun wannan dama, na Switzerland da duk agogunansu sai da suka makara, na Saudiyya kuwa jiya-jiyan nan. Gwaggo ta tafa hannu ta ce ashe ta riga matan Makka. Daga ranar ko mai tallan manja ya shigo sai ya sha wannan labari.

Sai aka sa bikin Ilham ana jibi zaɓe. Kakar amarya ba ƙunshi ai abin kunya ne, ga shi rediyo na ta jan kunnen mata cewa lalle na hana na'urar tantancewa karanta yatsa. Gwaggo ta yi dabara, ta ce a ƙunsa tara a bar mata ɗaya. Ana cikin yi barci ya sace ta. Khadija, ƙanwar mai lallen, wadda ta karɓi aikin daga hannun yayarta, ta ga yatsa guda fari sol, ta ɗauka mantuwa ce, ta lafta masa da kyau don neman lada.

Da Gwaggo ta farka, kai, gidan bai zaunu ba. An goga lemon tsami, an goga toka, yatsa sai ƙara ja yake yi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har tuwon biki ya ƙi shiga.

Ranar zaɓe ta isa rumfa ta shiga layi. A layin maza ta hango Idi, ƙanin marigayi mijinta, abokin tsokanarta tun tana amarya. Shi ne ranar zaɓenta na farko ya ce a gaban jama'a wai me ya haɗa mace da ƙuri'a, ta koma ta duba tukunyarta. Ranar yankan katin zaɓe ma ya maimaita, shi ya sa hotonta ya fito fuska a murtuke.

Malamin zaɓe ya ɗora yatsan, na'ura ta ƙi. Ya gwada sauran, duk kanwar ja ce. Ya ce kada Hajiya ta damu, ai ana tantancewa da fuska, ta dai kalli nan.

To, nan gizo ke saƙar. Tun da Gwaggo ta sauke farali ta sanyo haƙorin Makka, ba a nuna mata abin ɗaukar hoto ba ta washe baki ba. Na'ura ta dubi wannan fara'a, ta dubi waccan mai fushin ta kati, ta ce ba ta san ta ba. Malamin ya roƙe ta ta rufe baki. Ta rufe, matan layi suka fashe da dariya, haƙori ya sake leƙowa. Daga ƙarshe ya ce cikin ladabi saura gwaji ɗaya, in ta ƙi sai haƙuri. Amma bakin ya ƙi jin magana.

Sai ga Idi ya baro layinsa yana dogara sanda, ya tsaya daidai bayan malamin.

"Ku ƙyale ta haka nan," in ji shi. "Dama me ya haɗa mace da ƙuri'a? Ta koma ta duba tukunyarta."

Fuskar Gwaggo ta haɗe kamar hadarin Agusta. Kafin ta buɗe baki ta wanke shi tas, na'ura ta yi ƙara, malamin ya ce fuska ta karɓu.

Da jan yatsan nan ta dangwala, ta jefa a akwati da hannunta. Tana fitowa ta tarar Idi ya koma can ƙarshen layi, rana na dukansa, yana dariya ƙasa-ƙasa. Ta kwance bakin mayafi ta danƙa masa goro.

"Ta farko dai ban yafe ba," ta ce. "Ta yau kuwa, Allah ya yi maka albarka."