Ina Ɗinkin?

Kwana tara bayan an yi mata aiki a hanta, Malamar lissafi ta koma makaranta da ƙafarta, jaka rataye a kafaɗa. Abin da ya jawo mata magana ke nan.

Aikin ba na yanka ba ne. An kwantar da ita cikin na'urar ɗaukar hoto, likita na duban allo yana tura siririyar allura ta tsakanin haƙarƙarinta har ta kai kan ƙarin da ya fito mata. Ta cikin allurar aka zura wani zare mai fitar da hasken leza, zafinsa ya ƙone ƙarin daga ciki. Tana jin muryoyin ma'aikatan asibitin sama-sama, a ce ta riƙe numfashi, a ce ta saki. Abin da ya rage a jikinta huda ce guda, ba ta fi ƙwayar wake ba.

Tana shiga ɗakin malamai, Malamin tarihi ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Malama, har kin yi fes. Ni ma a rubuta mini irin wannan ciwon mana."

Aka yi dariya. Ba ta gama ajiye jaka ba aka ce Shugaba na kiranta.

Shugabar makarantar ta tura ƙofa, ta rage murya. "Takardar da maigidanki ya kawo ta ce aikin hanta. Ƙanwata da aka yi wa tiyata sai da ta yi wata biyu ba ta miƙe ba. Ana ta ƙananan maganganu, wai biki kika tafi. Daga ni sai ke, kuma duk mata ne. Nuna mini ɗinkin, in rufe bakin kowa."

Shekara goma sha bakwai Malama tana koyarwa a nan, ko haihuwa ta yi ba ta ƙara kwana ɗaya kan hutunta. Ta tuna ranar da ta zaunar da 'yarta ta nuna mata inda takardun gida suke, don ba ta san ko za ta dawo ba.

"Ranki ya daɗe, babu ɗinki," ta ce. "Ko da akwai, ba zan kware rigata a ofis ba."

Ta zaro hotunan asibiti daga jaka, ta ɗaga su saitin taga. "Wannan tabon shi ne ƙarin. Wannan kuma inda aka ƙone. Sai nan da wata uku za a sake dubawa, sannan in san ko ya mutu ko yana nan. Wanne zan kai wa masu maganar?"

Shugaba ta kau da kai. "Ai da kin yi bayani tun farko..."

"Na yi. A rubuce, da sa hannun likita."

Ba wanda ya ba ta haƙuri, ita ma ba ta nema ba. Daga ranar a aji take cin abincinta, gaisuwa kawai ke haɗa ta da sauran malamai. Da wata uku suka cika aka sake hoton, likita ya ce wurin ya yi kyau. Ta faɗa wa mijinta da 'yarta. A makaranta kuwa, da Shugaba ta tare ta a baranda tana tambayar ya jiki, cewa ta yi da sauƙi, ta wuce ajinta.