Awon Rumbun Malam Mati

Mahfuza ta zagaya rumbun babanta da igiya, ta auna gindi, ta auna ciki, ta ɗare kan turmi ta auna wuya. Malam Mati kuwa sai da ya kira maƙwabcinsa Sammani, don abin alfahari ba ya daɗi ba ɗan kallo.

"Zo ka ga 'yar garinmu Wagini da ke karatun lissafi a jami'a!"

Maganar da ke ƙasa ba ta wasa ba ce. Mahfuza ta rantse ba za ta koma makaranta ba sai ta tabbata geron zai ishi gidan har wata kaka, bayan an sayar da na guzurinta. Mace kuma ba ta leƙa rumbun maigida, ko matarsa ce, balle 'ya. To, ta ce daga waje ma za ta gano.

"Baba, dubi lanƙwasar jikinsa. In ka kafa sanda a tsakiya ka kewaya ta da lanƙwasar nan, rumbu ya fito. Sai in yanka shi a zuci faifai-faifai, sirara, in auna kowane faifai, in tara su daga gindi har wuya."

Ta duƙa tana zane a ƙasa da tsinke, can ta ɗago.

"Cike yake, Baba?"

"Da kika gan ni na yi kama da mai rabin rumbu?"

"To ya isa, har da rara!"

Sammani ya sunkuyar da kai. Gonarsu ɗaya a bakin daji, ya san abin da 'yan bindiga suka ɗiba kafin su bar kowa ya yi girbi. Amma da Malam Mati ya zuba masa ido, sai ya ce, "Tubarkalla! Wannan kai, Allah Ya tsare shi."

Wallahi ranar Malam Mati har tafiyarsa ta canza. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ji labarin faifai-faifai, ko bai tambaya ba.

* * *

Ran kasuwar Batsari ya sayar da abin da zai sayar, ya ɗora Mahfuza a babur.

"Ki riƙe karatun nan da kyau, Uwata. Gida lafiya lau."

Ya tsaya har ƙarar babur ta ɓace, fuskarsa fal murmushi. Yana shiga gida matarsa Zuwairatu ta miƙo ƙwarya.

"Malam, na tuwon yau."

Ya jingina tsani a jikin rumbun, ya ɗage murfin, ya zura hannu har kafaɗa, bai taɓa komai ba. Ya zura ƙafa ya sauka, har hularsa ta nutse.

Zuwairatu ta daɗe tsaye da ƙwarya a hannu. Daga ciki take jin yana kankare ƙasan rumbun da tafin hannu, muryarsa na amsa-kuwwa.

"Zuwaira, kin dai ga yadda yarinyar nan ta iya lissafi?"