Mai Ɗinki Ta Fara Kai Kaya da Ƙafa

Tun tana amarya take taka keken ɗinki a ɗan shagonta na bakin titi, har furfura ta fara leƙo mata. In ta gama kaya mai babur ke kaiwa, in za ta gida mota take hawa. Jiki ya yi nauyi, amma abin bai taɓa damunta ba sai da 'yarta ta haihu.

'Yar a saman bene take zaune. Mai ɗinki ta kama matakala da ɗoki, kafin ta kai rabi numfashi ya sarƙe, gwiwoyi suka ce ba da su ba. Nan ta zauna tana haki. Surukinta ne ya sauko mata da jaririyar, ta karɓi jikarta ta fari a kan matakala, masu hawa da sauka suna raɓa ta suna yi mata sannu.

Da ta koma gida ta gaya wa maigidanta cewa daga yau duk abin da ta ɗinka, ita za ta kai wa mai shi da ƙafarta. Ya yi dariya, ya ce ai keken da take takawa wuni guda ma motsa jiki ne.

"Tafin ƙafa kaɗai ke aiki, Malam," in ji ta. "Sauran jikin barci yake sha."

Farkon bai zo da sauƙi ba. Takalmi ya ci mata dunduniya, sai da ta canza mai taushi. Ta fara da gidajen bayan shago, tana hutawa a inuwar kantin magani. Masu babur suna tsokanarta, wai Mama ta yi musu yaji. Ta ce su bari ta gama koyo, tsere za ta nema da su.

Sannu a hankali tafiyar ta miƙe. Ta riƙa saka allura da zare a jaka, in riga ta yi wa mace yawa ta rage mata nan take. Kumburin ƙafa ya sace, barci ya dawo, har nata rigunan sai da ta kama musu gefe.

Wata safiya ta kai wa wata tsohuwar malamar makaranta kaya can ƙarshen unguwa. Tun rasuwar mijinta malamar ba ta cika fita ba. Ta daɗe tana kallon mai ɗinki, ganin ko haki ba ta yi, sannan ta tambaya a hankali ko za ta iya binta gobe, ko da zuwa bakin titi ne.

"Ki shirya da wuri, Yaya," in ji mai ɗinki tana naɗe ledarta. "In na ƙwanƙwasa ban ji motsi ba, shigowa zan yi in fito da ke."